Faɗuwar Sukari a Jinin Mai Azumi: Hukuncinta da Agajinta

 

  

Mas'alar da za mu tsaya a kanta yau ta shafi gidaje masu yawa a cikinmu. Da wuya yanzu a shiga unguwa ba a tarar da mai ciwon sukari ba. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan ciwo ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manyan mutane miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a ƙasashenmu na Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Jama'a sun saba jin tsoron hawan sukari, kuma sun yi gaskiya, domin yana cin ƙoda da ido da ƙafa a hankali. Abin da ba a cika yin magana a kansa ba shi ne faɗuwar sukari, wadda ita ba ta jira: tana iya kayar da mutum cikin mintoci, kuma watan azumi shi ne lokacin da ta fi samun ƙofa. Za mu bayyana yadda take faruwa, da alamunta, da abin da shari'a ta hukunta a kanta, da abin da ake yi wa wanda ta kama.

Allah ya gina jikin ɗan Adam bisa ma'auni mai ban al'ajabi. Tuwon da muka ci, ko fura, ko shinkafa, ciki yana narkar da shi ya koma wani nau'in sukari da likitoci ke kira gulukos, ya shiga jini, jini ya raba shi ga gaɓoɓi. Duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum a lokaci guda kimanin giram 4 zuwa 5 ne, wato cikin ƙaramin cokalin shayi. Da wannan ɗan abin ƙwaƙwalwa take aiki, ita kuwa ba ta da rumbun ajiya; abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take. Rumbun yana cikin hanta. Mai lafiya in ya ɗauki azumi, jikinsa da kansa yana rage insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka, hanta kuma ta riƙa buɗe rumbu tana ɗibowa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mai lafiya yake wuni da yunwa da ƙishirwa amma hankalinsa yana tare da shi har a kira magariba.

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayar gilibenkilamid, wadda aka fi sani a farmasi da sunan Daonil, ko wata daga cikin ƴan uwanta, lamarinsa dabam ne. Maganin da ya shiga jikinsa da sahur bai san ana azumi ba. Masu noman rani a fadamun Maggiya sun san injin ban ruwa: in aka tayar da shi aka tafi aka bar shi, zai yi ta jan ruwan rijiya ko ruwan yana ɓuɓɓugowa ko ba ya yi, har ya ƙafar da ita. Haka wannan magani yake yi wa jini. Abincin sahur ya ƙare tun da hantsi, magani kuwa yana nan yana ja. Wanda ƙwayar metformin kaɗai yake sha, wadda ake kira Glucophage, ba kasafai wannan ke samunsa ba. Tsofaffi, da masu ciwon ƙoda, da masu haɗa maganin likita da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, su suka fi shiga haɗari.

An yi wani babban bincike a azumin shekarar 2001 a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, kan masu ciwon sukari sama da dubu 12. Aka samu cewa mummunar faɗuwar sukari, irin wadda ke kai mutum asibiti, ta ninka sau 4,7 a cikin Ramadan ga masu nau'in ciwon na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, ta kuma ninka sau 7,5 ga masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Mu ɗora namu yanayin a kan wannan. Azuminmu a nan yakan wuce sa'o'i 13, kuma in ya faɗo a bazara zafin ƙasar nan yana haura maki 40. Mutanenmu ba a zaune suke azumi ba: ga mai cirar albasa a garakan Galmi, ga mai lodin siminti a Malbaza, ga ɗan kabu-kabu da ke zirga-zirga tsakanin Ƙwanni da bakin iyaka, ga iyayenmu mata da ke daka da ɗiban ruwa da tsayuwa gaban murhu tun la'asar. Aikin ƙarfi yana ƙara cinye sukarin jini.

Hausawa na cewa jiki magayi. Kafin sukari ya kayar da mutum, yawanci jiki yana yin kira. Hannu ya kama rawa, zufa mai sanyi ta karyo ko ana zaune a inuwa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yunwa mai tsanani ta taso farat ɗaya, leɓe ya yi kamar ana tsikararsa, kai ya yi ciwo, gani ya dushe. In ba a yi komai ba sai abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. A nan ne za a ga dattijo mai haƙuri yana faɗa ba dalili, harshensa ya yi nauyi, yana tangaɗi kamar wanda ya sha abin maye, ko yana cikin salla ya rasa raka'ar da yake. Bayan wannan sai jijjiga da suma, kuma suman in ya daɗe yana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ya zama ajali. Wanda ya daɗe da ciwon, ko sukarinsa ya saba faɗuwa, kiran farko yana iya daina zuwa masa, sai dai kawai a ga ya rikice. Don haka ilimin nan wajibi ne ga iyalinsa da maƙwabtansa kamar yadda yake wajibi gare shi.

Mai na'urar awo ya riƙe lamba ɗaya: ƙasa da 70. Takardun awon asibitocinmu suna rubuta wannan adadi 0,70, wasu na'urorin kuma suna nuna shi 3,9. Duk ma'auni ɗaya ne da aka rubuta da hanyoyi uku, kowa ya tambayi likita wacce na'urarsa take bi. In ya sauka ƙasa da 54, wato 0,54, haɗarin ya yi kusa ƙwarai. Likitocin duniya da suka tsara ƙa'idojin azumin masu wannan ciwo sun ce a ajiye azumi nan take in awo ya nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, ko in alamun da muka lissafa suka bayyana, ko in ƙishirwa ta kai ga jiri da rikicewa.

Yanzu mu zo ga hukunci, domin a nan ne mutanenmu suka fi tsayawa. Mutum ya ji alamun nan bayan la'asar, ya dubi rana ya ce saura ƙiris, bari in daure kada wahalar wuni ta tafi a banza. Na kusa da shi ma su ce, “Daure, Alhaji, an kusa kira.” Ya ƴan uwa, wannan dauriya ba ta cikin abin da Allah ya nema daga gare mu. Ayoyin da suka wajabta azumi a Suratul Baƙara su ne da kansu suka cire marar lafiya da matafiyi, suka ba su damar ramawa a wasu kwanaki, suka kuma bayyana cewa sauƙi Allah yake nufin bayinsa da shi. A cikin wannan sura dai an hana mutum jefa kansa ga halaka, a Suratun Nisa'i kuma an hana shi kashe kansa. Rai amana ce a hannunmu, ba mallakarmu ba ce.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun raba mas'alar gida biyu, kamar yadda Shaihu Khalil ya tsara a babin azumi na Mukhtasar ɗinsa. Marar lafiyar da ke tsoron ciwonsa zai ƙaru ko warkewarsa za ta jinkirta, ya halatta ya sha. Wanda kuwa ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Faɗuwar sukari ga mai shan waɗannan magunguna tana cikin gida na biyu, da shaidar masana lafiya. Saboda haka wanda abin ya kama ya ƙi sha, ya bar wajibi ne, ko da yana ganin ibada yake yi.

Mu tuna abin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da su. A shekarar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita da rundunarsa cikin Ramadan yana azumi, mutane ma suna yi. Da aka isa wani wuri da ake kira Kura'ul Gamim aka gaya masa azumi ya tsananta wa jama'a. Ya sa aka kawo masa ƙwaryar ruwa bayan la'asar, ya ɗaga ta har kowa ya gani, ya sha. Daga baya aka ce masa wasu sun ci gaba da azuminsu, sai ya siffanta su da masu saɓo. Ku lura da lokacin: bayan la'asar ne, rana ta riga ta karkata. Kusantowar magariba ba ta zama hujjar ci gaba da cutuwa ba. Ku kuma lura da cewa a bainar jama'a ya sha, domin ya cire wa raunana kunya.

A zamaninmu ma malamai sun zauna da likitoci kan wannan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 19 da aka yi a Sharja cikin watan Afrilu na 2009, ta fitar da matsaya mai lamba 183 kan ciwon sukari da azumi. Ta kasa masu ciwon kashi 4. Kashi biyun farko ta ce azumi bai halatta gare su ba, kuma a cikinsu akwai wanda sukarinsa ya yi mummunar faɗuwa cikin watanni 3 kafin Ramadan, da wanda nasa yake yawan faɗuwa, da wanda ba ya jin alamun faɗuwar, da masu nau'i na ɗaya, da mace mai ciki, da mai wankin ƙoda, da wanda dole sai ya yi aikin ƙarfi mai tsanani. Kashi biyun ƙarshe, waɗanda ciwonsu ya daidaita kuma azumi ba ya cutar da su, ta ce su yi azuminsu. Ke nan ba kowane mai ciwon sukari aka ɗauke wa azumi ba, kuma likita amintacce ne zai gaya wa mutum kashin da yake.

To, me ake yi wa wanda abin ya kama yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya? Da farko a zaunar da shi a inuwa, ya bar duk aikin da yake yi. In yana kan babur ko yana tuƙin mota a babbar hanyar nan da ta ratsa Ƙwanni da Malbaza da Galmi, ya gangara gefe ya kashe inji, don ransa da rayukan waɗanda ya ɗauko. Sannan a ba shi sukari mai saurin shiga jini, kimanin giram 15. A awon gida wannan shi ne ƙwara 3 na sukarin kwali, ko ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na garin sukari a dama a rabin kofin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemu mai sukari. In babu waɗannan, mazarƙwaila ko alewa ko minti mai sukari suna yi. Dabino 3 ma suna taimakawa in su ne a hannu, sai dai busasshen dabino yana son tauna, wanda aka dama a ruwa ya fi shi saurin isa. Yaro kuwa ana ba shi ƙwarar sukari ɗaya ga kowane kilo 20 na nauyinsa.

Bayan an ba shi sai a jira minti 15. Jiran nan yana da wuya, domin mai abin yana jin kamar ya cinye duk abin da ke gidan, masu jinya kuma tsoro yana sa su yi ta ɗura masa. In aka yi haka sukarin zai tashi daga rami ya hau tsauni, a shiga wata matsalar. In minti 15 sun cika, a sake awo in akwai na'ura. In har yanzu yana ƙasa da 70, ko alamun ba su tafi ba, a sake ba shi irin awon farko a sake jira. In an yi haka sau 3 bai dawo daidai ba, a nufi asibiti.

In ya dawo hayyacinsa, aiki bai ƙare ba. Sukarin da aka ba shi kamar wutar kara ce, tana kamawa da sauri tana mutuwa da sauri, maganin da ya jawo faɗuwar kuwa yana nan a jiki. Dole a bi shi da abinci mai riƙe ciki: fura, ko kunu mai kauri, ko biredi, ko tuwo, ko shinkafa da wake. Kada ya ce zai kame baki har magariba don girmama wata. Azumin ranar ya riga ya tafi da uzuri, kuma a mazhabarmu wanda ya sha don rashin lafiya ba a neme shi da kamewa a sauran wunin ba. Kada ya koma tuƙi sai bayan kamar minti 45, don ƙwaƙwalwa tana jinkirin dawowa. Mai shan Daonil da ire-irenta ya sani cewa ƙwayar tana daɗewa tana aiki, faɗuwar tana iya dawowa cikin dare ko washegari; kada a bar shi shi kaɗai, kuma ya ga likita kafin ya sake shan ta ko ya sake ɗaukar azumi.

Akwai abubuwan da ake zaton suna agaji a wannan hali alhali suna ɓata lokaci. Ruwa zalla yana kashe ƙishirwa amma ba ya ɗaga sukari. Ƙosai da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi da nama da duk abin da ke da maiƙo suna jinkiri a ciki, a bar su sai bayan an farfaɗo. A yi hattara da zaƙin da ba sukari ba ne: zoɓo ko kunun sayarwa da aka sa wa sakarin, da lemun kwalba da aka rubuta ba shi da sukari, da wasu garin lemu na leda. Harshe yana jin zaƙi, jini kuwa bai samu komai ba. Abin da aka tabbatar da shi, wato sukarin shayi, shi ya fi aminci.

Wani zai tambaya: in ba mu da na'ura, ta yaya za mu rarrabe faɗuwa da hawa? Hawan sukari a hankali yake zuwa, cikin sa'o'i ko kwanaki, da ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari da bushewar baki. Faɗuwa kuwa farat ɗaya take zuwa, da rawar jiki da zufa mai sanyi. In abin ya rikitar da ku, ku ɗauka faɗuwa ce ku ba da sukarin. In hawa ne, ƙwara 3 ba za su ƙara wata babbar ɓarna ba kafin a isa asibiti. In faɗuwa ce, da izinin Allah kun tsamo rai. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a yi wa wanda ya rikice allurar insulin bisa zato.

Wanda ya suma, ko yake jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, hukuncinsa ya canza. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin zai ƙware, abin ya wuce huhu ya shaƙe shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa tsakanin haƙora yana jijjiga. A kwantar da shi a kan gefensa, a sassauta masa tufafi, a nemi mota ko amalanke ko duk abin da ya samu, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa, ko asibitin Ƙwanni, ko na Galmi, ko na Illela. A tafi da kwalin maganinsa da takardunsa, kuma kalmar farko da za a gaya wa ma'aikatan lafiya ita ce yana da ciwon sukari kuma azumi yake yi. Su suna da ruwan gulukos da ake sawa ta jijiya, wanda sau da yawa yake farfaɗo da mutum cikin mintoci. In hanya tana da nisa kuma jijjiga ta tsaya, ana iya shafa ɗan zuma kaɗan a cikin kumatunsa na ɓangaren ƙasa, shafawa kawai ban da zubawa, ana tafiya ana yi.

A nan muna jan hankali da babbar murya. Mutum in ya faɗi yana surutai, zukatanmu suna saurin tafiya ga iska ko sammu, a kewaye shi da hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Mun yi imani da addu'a, kuma ba mu hana ta. A yi ta a bakin mai rakiya, a cikin mota, ana kan hanya. Amma wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da ya samu rauni a ka cikin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba shi da shi. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora alhakin mutuwar a kan waɗanda suka ba da fatawa ba da sani ba, ya kuma yi musu faɗan rashin tambaya. Duk mai ce wa mai ciwon sukari ya daure, ko mai yi masa gori don an gan shi yana sha da rana, ya auna kansa da wannan labari.

Ku kuma masu ciwon, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya wa matanku da ƴaƴanku, da abokin zamanku a kasuwa, da wanda kuke tsayawa kusa da shi a sahu. Ku ƙulla ƙwarar sukari a leda ku sa a aljihu, ku ajiye wasu a gefen shimfiɗa, domin faɗuwar tana zuwa cikin barci ma, da mugun mafarki da zufar da ke jiƙa riga. Ɗaukar sukari a aljihu ba ya taɓa niyyar azumi. Ƴaƴa, in kuka ga alamu ga mahaifinku kuma yana gardama, ku sani gardamar ma tana cikin ciwon. Ku rusuna ku ce, “Baba, don Allah karɓi ka sha, Allah ne ya yi maka izini, ka rama in ka samu sauƙi.” Uwargida ta ce, “Malam, ka fi ni sanin hukuncin nan, karɓi.” Kwamitocin masallatai kuma muna roƙonku ku ajiye kwalin sukari da kofi a wurin da ladan ya sani, musamman don tafsirin la'asar da asham da tahajjudin goman ƙarshe. Kuɗinsa kaɗan ne. Masu hali da ke neman inda za su sa sadakarsu a wannan wata, akwai talakawan da ke da ciwon nan ba su da na'urar awo ko ƴan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu. Saya musu yana cikin ceton rai.

Rigakafi ya fi magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciwon sukari ya kamata ya ga likita makonni 6 zuwa 8 kafin Ramadan, wato tun cikin watan azumin tsofaffi, a duba ko zai iya, a kuma gyara masa awon magani da lokacin shansa. Wanda bai yi ba bana, gobe ma rana ce, ya je. Kada kowa ya rage ko ya ƙara magani da ra'ayinsa, ko ya kwaikwayi awon maƙwabcinsa. A jinkirta sahur zuwa gab da alfijir kamar yadda sunna ta koyar, a ci abinci mai daɗewa a ciki irin gero da dawa da wake da ganye, a sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba. Wanda ya yi allura ko ya sha ƙwaya da buɗa baki, kada ya tsaya kan dabino da ruwa ya tafi doguwar asham; ya ci abinci tukuna. Aikin ƙarfi a yi shi da sanyin safiya. A riƙa awo da hantsi, da azahar, da la'asar, da duk sa'ar da aka ji jiki ya canza. Ɗigon jinin da ake tsaga a yatsa don awo ba ya karya azumi, haka allurar insulin da ake yi a ƙarƙashin fata, bisa fatawar mafi yawan malaman zamani.

Saura maganar ramuwa. Wanda ya sha don faɗuwar sukari ramuwar yini ɗaya ce a kansa, babu kaffara, domin kaffara tana kan wanda ya keta alfarmar wata da gangan ba uzuri. Ya rama a lokacin da ya samu sauƙi, kuma yana iya zaɓar kwanakin sanyi masu gajeren wuni, da shawarar likita. Wanda likita ya tabbatar masa ba zai iya azumi ba har abada, babu ramuwa a kansa. Ya ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya na abincin da aka fi ci a garin a madadin kowane yini. A mazhabarmu wannan ciyarwa mustahabbi ce, wasu mazhabobi kuma suna ganin wajibi ce, mai hali sai ya yi ya fita daga saɓani. Wanda ba shi da hali babu komai a kansa.

Mun san abin da ke cin zuciyar dattijon da ya shekara hamsin bai sha azumi ba, yau an ce ya sha. Muna yi masa albishir da abin da Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari, cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. Littafinsa bai rufe ba. Ga karatun Alƙur'ani, ga zikiri, ga sadaka, ga ciyar da masu azumi, ga sauraron tafsiri, ga neman daren Lailatul Ƙadari, duk ƙofofinsu a buɗe suke gare shi.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka sa ciwon da suke fama da shi ya zama kankarar zunubi. Ka saka wa masu jinya da ma'aikatan lafiya da alheri. Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, ka ba mu damina mai albarka. Ka sa mu cikin bayin da kake ƴantawa daga wuta a wannan wata. Wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga wanda bai ji ba.